Kafa Kujera Mai Juyawa a Ƙaramin Jirgin Su

Masuntan madatsun ruwa na Daberam da Sabke, a ƙasar Daura, sun saba da gora da kwalekwalen katako, inda nauyin mutum yake zama ƙasa-ƙasa. Jirgin alminiyon ba shi da nauyi sosai, saboda haka kujera mai juyawa, duk da sauƙin da take kawo wa mai fatsa, tana ɗaga nauyinsa sama, jirgin ya riƙa tangaɗi. Wajibi ne a kafa ta gajera, a tsakiyar benci, a sa katako ƙarƙashinsa don kada noti ya yaga alminiyon. Abin da ba a cika lura da shi ba, a ganina, shi ne notin baƙin ƙarfe yana cin alminiyon idan sun jiƙe, har kujerar ta tuge da mai ita a tsakiyar ruwa.