Lamunin Gidan Tarayya: Wa Ke Ɗaukar Asara?

A garuruwa irin su Dauran, cikin ƙasar Zurmi, magada da yawa kan zauna gida guda, zaure ɗaya, katanga ɗaya. To, in katangar ta faɗa wa maƙwabci da damina, wa zai biya? Malaman Malikiyya sun ce lamuni yana kan masu ita, muddin an gargaɗe su ta karkata, suka yi sakaci. Hukuma kuwa, tun Dokar Inshora ta 2003, ta wajabta inshorar gidajen haya. Ga masu gudun riba akwai takaful, wanda aka tsara ƙa'idojinsa a 2013: kowa ya zuba gudummawa, a biya wanda asara ta sama. Wajibi ne magada su daidaita wannan tun kafin ruwa ya sauka.