Rodin Jira Ko Rodin Huji?

A Azare ba kasafai ake gama gida a shekara ɗaya ba. Bana ɗaki biyu, baɗi idan amfanin gona ya yi albarka a ƙara falo. Tambayar ita ce yadda sabon bango zai kama tsohon.

Wasu tun ranar zuba fila suke barin kawunan rodi a waje suna jiran ginin gaba. Wasu kuma sai daga baya su huda tsohon kankare su cusa rodi.

Ni ina bayan na farko. Kankare yana jure danni, amma ja yana tsaga shi. Rodi ne ke ɗaukar jan, kuma ba zai ɗauka ba sai kankare ya riƙe shi da tsawo. Shi ya sa ake so sabon rodi da tsohon su zarce juna kamar ninki 50 na kaurinsu, wato mai milimita 12 yana neman wajen santimita 60, a ɗaure da waya. Mai ɗaurin rodin da ya bar taƙi ɗaya don ya sauƙaƙa wa maigida, cutarsa ya yi. Aibin wannan hanya shi ne jira: damina tana cin ƙarfen da tsatsa, 'yan jari bola kuma ba sa barin abin da ke leƙowa. A shafe shi da ruwan siminti, a lulluɓe.

Huji ba laifi ba ne idan an zurfafa ramin, an fitar da ƙura tas, an sa gam ɗin da aka yi don wannan aiki. Amma abin da aka fi gani shi ne birkila ya buga guntun rodi da guduma, ya shafe da siminti, ya ce, "Alhaji, ya kama." Kafin a jima sai ga tsaga ta bi mahaɗar daga sama har ƙasa.

Ƙasa ma tana da ta cewa. Yashin Azare, inda hedikwatar masarautar Katagum ta koma a 1916, yana tsotse ruwa da wuri. Tsohon garin Katagum kuwa, a ƙaramar hukumar Zaki, yana cikin fadamar kogin Jama'are, inda laka ke kumbura da damina ta tsuke da rani, bango yana motsi tare da ita. Wanda zai yi gini a can ya sayi rodin jiransa tun yana haƙa tushe.