Zariya da adabin aikata laifi: daga Jiki Magayi zuwa yau

A shekarar 1934 wani ɗan jarida Ba'amurke, James M. Cain, ya fitar da wani ɗan ƙaramin littafi mai suna The Postman Always Rings Twice. Labari ne na wani ɗan yawon duniya da matar wani mai gidan abinci, waɗanda suka haɗa baki suka kashe mijin, daga bisani kuma abin ya ci su duka biyun.

A daidai wannan tsakanin, a Zariya, wani mutumin Wusasa, John Tafida, da Baturen Hukumar Talifi, Rupert East, sun haɗa hannu wajen rubuta wani littafin Hausa wanda shi ma bai ƙare da biki ba. Sunansa Jiki Magayi.

Ƙasashen biyu sun yi nisa da juna, harsunan kuma daban. Amma tambayar da ke ƙarƙashin littattafan iri ɗaya ce: ina mutum yake dosa idan kwaɗayi ko ƙullaci ya rinjaye shi, a inda babu alƙalin da zai share masa hawaye?

Asalin salon

Labarin binciken kisa ya girmi wannan zamani. Edgar Allan Poe ya fara shi a Amurka a 1841, sannan Arthur Conan Doyle ya fito da Sherlock Holmes a Ingila a 1887. A irin wannan tsari, kisan tamkar wasa ƙwaƙwalwa ne. Wani mai basira zai bi sawu, ya warware ƙullin, a miƙa mai laifi ga hukuma, gari ya koma lafiya.

Abin ya sauya a Amurka bayan da aka haramta sayar da giya daga 1920 zuwa 1933. Haramcin ya azurta gungun 'yan fasa-ƙwauri, su kuma suka riƙa sayen 'yan sanda da 'yan siyasa a manyan birane.

A shafukan wata mujalla mai araha da ake kira Black Mask, wadda aka kafa a 1920, wasu marubuta suka soma rubuta labaran da suka dace da wannan yanayi. Fitacce a cikinsu shi ne Dashiell Hammett, wanda ya taɓa aiki da kamfanin bincike na Pinkerton, ya kuma fitar da Red Harvest a 1929 da The Maltese Falcon a 1930. Raymond Chandler ya biyo baya da The Big Sleep a 1939.

Amurkawa sun laƙaba wa salon sunan ƙwan da aka dafa har ya yi tauri, saboda taurin zuciyar jaruman. Jarumin ɗan bincike ne mai zaman kansa, ana biyansa a kan kowane yini, ba ya yarda da wanda ya ɗauke shi aikin, ba ya kuma yarda da 'yan sanda. Sau da yawa yakan gano gaskiya, amma ya rasa wurin kai ta.

Akwai kuma reshe na biyu, wanda Faransawa suka kira baƙin labari bayan da kamfanin Gallimard ya fara jerin fassararsa a 1945. A nan babu ɗan bincike. Mai laifin ne jarumi, mai karatu kuma yana biye da shi har bakin ramin da ya haƙa wa kansa. Littafin Cain yana cikin wannan reshe, kuma nan ne Jiki Magayi ya fi kusa.

Fansar Abubakar

Jiki Magayi na cikin littattafai biyar da Hukumar Talifi ta Zariya ta fitar bayan gasar rubutu ta 1933. Sauran su ne Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, da Ganɗoki na Bello Kagara, da Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, da Idon Matambayi na Muhammadu Gwarzo.

Akwai ɓarayi a Idon Matambayi, akwai damfara iri-iri a Ruwan Bagaja, sai dai duk cikin raha ake ba da su. Mai karatu yana dariyar wayon ɓarawo kamar yadda yake dariyar Gizo a tatsuniya.

Jiki Magayi ba ya ba da dariya. Wani attajiri, Malam Shaihu, wanda bai sami haihuwa ba, ya yi amfani da dukiyarsa ya raba wani saurayi, Abubakar, da budurwarsa Zainabu. Abubakar ya ci alwashin ramuwa, ya shiga duniya neman asiri, ya sha wuya matuƙa kafin ya samu.

Abin da ya sa littafin ya fita daban shi ne inda fansar ta sauka. Abubakar bai taɓa attajirin kai-tsaye ba. Ya juya kan ɗan da Zainabu ta haifa masa, Kyauta, yaron da ba a ma haife shi ba lokacin da aka yi zaluncin. Yaron ya tashi ɓarawo, ya zubar da mutuncin gidansu, a ƙarshe kuma ya kashe mahaifinsa ba tare da ya san ko wane ne ba. Da ya gane abin da aka yi masa ya tashi neman Abubakar, sai mutuwa ta riga shi.

Babu wanda ya ci riba a labarin. Wanda aka zalunta da farko ya zama azzalumin da ya fi na farkon, kuma mai karatu ba ya iya cire tausayinsa daga kansa gaba ɗaya. Wannan shi ne ainihin abin da masu nazari suke nufi da baƙin labari, ko da yake a nan asiri ne ya tsaya a matsayin bindiga.

Abin lura kuma shi ne Abubakar bai nufi gaban alƙali ba. Abin da aka yi masa ba laifi ba ne a idon shari'a, tun da an ɗaura aure bisa ƙa'ida. Raunin da doka ba ta gani shi ne ya haifi kisan.

Birnin da ba ya ɓoye baƙo

Duk da wannan farawa, adabin Hausa bai haifi fitaccen ɗan bincike irin na maƙwabtansa ba. Yarabawa suna da Lapade, tsohon ɗan sandan da Oladejo Okediji ya ƙirƙira a 1969. Masu jin Suwahili suna da Bwana Msa na Muhammed Said Abdulla tun 1960.

Ba ƙarancin kayan aiki ya jawo haka ba. Duk wanda ya yi karatun allo ya san yadda aka gano gaskiya a ƙissar Annabi Yusuf, alaihissalam, ta hanyar duba ta inda riga ta yage. Malaman fiƙihu irin su Ibn Farhun da Ibn Ƙayyim sun yi dogon bayani a kan hukunci da alamu. A Dare Dubu da Ɗaya akwai labarin gawar matar da aka tsinta cikin akwati a kogin Dijla, wadda Halifa Haruna Rashidu ya bai wa wazirinsa Ja'afaru kwana uku ya nemo wanda ya kashe ta.

Wani ɓangare na amsar yana cikin tsarin birni irin Zariya.

Ɗan binciken Chandler yana buƙatar birnin da mutum zai sauka da sabon suna, ya kama ɗaki, babu mai tambayarsa ɗan gidan wane ne. Cikin ganuwar Zazzau ba haka abin yake ba. Baƙon da ya shigo ta Ƙofar Doka ko Ƙofar Gayan sai ya sami mai masauki, mai masaukin kuma shi ke ɗauke da alhakinsa. Daga Kwarbai zuwa Limancin Kona, kowane gida yana da zaure, kowane zaure yana da dattijon da ya san masu wucewa.

Idan aka yi sata ko kisa, akwai hanyar da magana take bi: mai unguwa, da dogarai, da 'yan dokar En'e daga baya, sannan alƙali, har zuwa majalisar sarki. A gaban alƙalin kuma shaidu da rantsuwa ne kan gaba. A mazhabar Malikiyya, idan akwai tuhuma mai ƙarfi a kan kisa amma shaidu ba su cika ba, misali wanda aka sara ya ambaci sunan wani kafin ya cika, dangin mamacin sukan yi rantsuwa hamsin.

A irin wannan tsari babu gurbin wani mutum da zai riƙa karɓar kuɗi yana leƙa asirin gidajen mutane. Ba ma zai wuce zaure ba. Sunan da jama'a za su ba shi ɗan leƙen asiri ne ko magulmaci, kuma da wuya marubuci ya gina jarumi a kan wannan.

Birnin baƙi yana waje, a Sabon Gari da Tudun Wada, waɗanda suka bunƙasa bayan zuwan jirgin ƙasa a farkon shekarun 1910. Can ne tasha take, da otal, da silima, da mutanen da ba a san iyayensu ba.

Bayan yaƙin basasa

Tsohon tsarin ya fara sassautawa a ƙarshen shekarun 1960, lokacin da aka haɗe 'yan dokar En'e da rundunar 'yan sandan tarayya, aka kuma cire kotuna daga hannun sarakuna. Yaƙin basasa na 1967 zuwa 1970 ya bar makamai a hannun jama'a. Fashi da makami ya yi ƙamari har gwamnatin soja ta soma harbe 'yan fashi a bainar jama'a, cikinsu har da Ishola Oyenusi a Legas a 1971. Kuɗin man fetur kuma suka shigo da nasu sha'anin.

Matasan da suka yi boko a wannan zamani, a Kwalejin Barewa da Alhudahuda da Jami'ar Ahmadu Bello, sun karanta James Hadley Chase kamar yadda takwarorinsu suka yi a ko'ina cikin Najeriya. Wani abin mamaki, Chase ba Ba'amurke ba ne. Mutumin Ingila ne, sunansa na gaskiya René Raymond, kuma ya rubuta littafinsa na farko, wanda ya fito a 1939, da taimakon taswira da ƙamus na karin maganar Amurkawa. Ke nan kwaikwayon kwaikwayo ne ya iso arewacin Najeriya, amma ya kama.

Sai kuma jerin Pacesetters na kamfanin Macmillan daga 1977, wanda a cikinsa Mohammed Sule na Kano ya fitar da The Undesirable Element.

A Hausa, kamfanin NNPC na Zariya, wanda aka kafa a 1966, shi ya buga littattafan da suka fuskanci sabon yanayin. Kitsen Rogo na Abdulƙadir Ɗangambo ya bi wani saurayi daga ƙauye zuwa birni, inda ya faɗa hannun ɓata-gari. A 1982 kuma, bayan gasar da Sashen Al'adu na Tarayya ya shirya, aka fitar da Turmin Danya na Sulaiman Ibrahim Katsina da Ƙarshen Alewa Ƙasa na Bature Gagare.

Turmin Danya ya shiga duniyar fasa-ƙwauri da cin hanci a bakin iyaka, inda mai laifin alhaji ne da ake girmamawa a gari. Wannan ita ce fahimtar Hammett: babban ɓarawo ba ya haura katanga.

Ƙarshen Alewa Ƙasa ya fi zafi. Jaruminsa, Mailoma, ya fito daga yaƙin basasa da sanin makami, ya tara gungu, ya shiga harkar miyagun ƙwayoyi da kisa ba tare da nadama ba. Kafin shi, ba a saba ganin littafin Hausa da ya zauna cikin zuciyar mugu tsawon ɗaruruwan shafuka ba. Har yanzu ana jayayya a kan ko littafin gargaɗi ne ko kuwa ya ƙawata ta'asa, kuma irin wannan zargi aka yi wa Cain da Chase a ƙasashensu.

Inda aka kwana

Daga tsakiyar shekarun 1980 tattalin arziki ya karye, takarda ta yi tsada, cibiyar ɗab'in ƙagaggun labarai kuma ta koma Kano, inda marubuta suka riƙa buga littattafansu da kansu. Soyayya ce ta mamaye kasuwar, ko da yake marubuta irin su Bala Anas Babinlata da Nazir Adam Salih sun yi suna da labaran bincike da sarƙaƙiya.

A Turanci salon ya sami sabon rai. Abubakar Adam Ibrahim ya ci kyautar adabi ta NLNG a 2016 da Season of Crimson Blossoms, wanda ɗaya daga cikin jarumansa shugaban 'yan daba ne da 'yan siyasa ke amfani da shi. A 2018 aka fitar da tarin labarai na Lagos Noir.

Ita kuwa Zariya, laifin da marubutan 1982 suka hango ya iso ƙofarta. A watan Yunin 2021 'yan bindiga sun shiga Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Nuhu Bamalli suka sace ɗalibai da malamai, unguwannin bakin ganuwa ma sun ga irin wannan hari. A irin waɗannan lokuta, tambayar da aka fi yi a majalisu ita ce wane ne ya tsegunta, tun da maharan sukan nufi gidan da suke so kai-tsaye.

Sanin juna da ya hana ɗan bincike samun aiki a cikin birni a zamanin John Tafida, shi ne abin da mai tsegunta wa 'yan bindiga yake sayarwa. Dangin wanda aka sace kuma sukan nemi wani mai shiga tsakani, wanda ba ɗan sanda ba, ya san daji ya kuma san gari, ya kai kuɗin fansa ya dawo da mutum. Daga cikin masu wannan aiki akwai waɗanda aka riƙe a can, akwai kuma waɗanda hukuma ta tuhuma bayan sun dawo.