Asubar hunturu a rumfar mai cajin batir

Tambaya ce ƙarama ta kai ni wata tashar mota da ke gefen Jos: me ya sa motar da ta yi aiki lafiya duk damina, hunturu na kamawa sai ta ƙi tashi da asuba? Na isa ana idar da sallah. Hazo ya rufe gari, 'yan kamasho sun kewaye wuta, yaran mota kuwa tuni sun fara turi. Aka ba ni shayi, aka nuna mini rumfar mai caji.

Dattijo ne. Ruwan batir ya cinye gaban rigarsa kamar gara ta bi ta kai. Ya jera batura a kan katako, kowanne da alamar mai shi da aka rubuta da alli.

Na ce, "Baba, ashe sanyi haka yake kashe batir?"

Ya ce, "Ɗana, sanyi tona asiri kawai yake yi. Tun bazara aka yi ɓarnar."

Ya bayyana mini cewa zafin rana da na inji su ke ƙone ruwan da ke cikin ɗakuna shida na batir, su ci dalmar da ke ciki a hankali. Idan jaura ta kaɗa, haɗuwar dalma da asid da ke ba da wuta sai ta yi sanyin jiki, baƙin mai kuma ya yi kauri, inji ya yi nauyin juyawa. Batirin da ya riga ya gaji sai a nemi ya ɗauki kaya fiye da na kullum. Motocin gas sun fi shan wuya, don sai hita ta ja wuta ta ɗumama inji kafin a buga kik.

Ba ya yanke hukunci sai ya ɗora mita. Batir mai lafiya da ya kwana a cike yakan nuna wajen 12.6. Idan ya ga 12.2, rabi ya tafi. Sai ya sa direba ya murɗa makulli, ya zuba ido: idan lambar ta faɗi ƙasa da 10 sosai, to batir ya kusa gama yayinsa. Idan mota ta tashi, yana son ganin 14 ko kusa da haka, in ba haka ba laifin na altaneta ne ko bel ɗinta, sai ya tura mutum wurin mai waya. Abin da ya fi burge ni shi ne sau da yawa batirin ma lafiyarsa lau. Farin gari ne ya taru a kansa ya tare wuta. Ruwan zafi, buroshi da ɗaure noti sun wadatar. Yana kuma faɗa da masu ƙara asid idan ruwa ya ja baya, domin tataccen ruwa kaɗai ake ƙarawa.

Muna cikin haka wani direba ya iso, batir a kafaɗa, naɗe da tsohon buhu. A ɗakinsa batirin ya kwana, kusa da shimfiɗar 'ya'yansa, don kada sanyin waje ya same shi. Baba ya sha gaya masa ɗaki ɗaya daga cikin shidan ya mutu, caji ba zai tayar da shi ba.

"Na sani, Baba," in ji shi. "Amma motar ba tawa ba ce. Maigida ya ce in lallaɓa zuwa ƙarshen wata, ga kuɗin makarantar yara."

Hunturu na biyu ke nan yana lallaɓawa. Ranar da motar ta ƙi tashi, layinsa na lodi ya wuce, sai ya koma baya ya jira har azahar, balas ɗin maigida kuma ba ya raguwa. Da dare yakan ajiye ta a gangare don turi ya yi sauƙi, da asuba ya sa giya ta biyu, yaron motarsa da almajirai biyu su tura. Ya ce abin da ya fi ci masa rai shi ne ganin yaron nan yana turi da silifa, ƙafafunsa duk kaushi da faso, yana huci. Da ya faɗi haka ya kawar da kai. Ni ma na rasa abin cewa.

Baba bai ƙara magana ba. Ya ɗauki batirinsa na aro da wayoyi biyu masu kauri, muka bi shi wurin motar, direban ya mayar da nasa batirin cikinta. Baba ya haɗa ja da ja, baƙar wayar ya maƙala ta a ƙarfen inji nesa da batir, ya ce wa wani mai shan sigari ya matsa, domin iskar da batir ke fitarwa tana kamawa da wuta. Bugu ɗaya motar ta tashi, hayaƙi ya turnuƙe.

"Kada ka kashe ta sai ka kai Bauchi," in ji Baba.

Direban ya laluba aljihu. Dattijon ya ɗaga masa hannu, ya ce ya bari sai ya dawo da yamma. Ɗan kamasho ya fara kiran fasinja, yaron motar ya hau sama yana karɓar buhunan dankali.