Borin Jini Da Gado

Kowa ya san gadon gida da na gona da na dabbobi, wanda a kan raba bayan mutuwa. Amma akwai wani gado wanda ba ya jiran mutuwa, ba a kuwa kai shi gaban alƙali, watau gadon jiki. Shi ya sa ɗa ya kan ɗauko tsawon ubansa ko hancin uwarsa. Cikin irin wannan gado har da borin jini.

Allah ya halicci mutum da waɗansu dakaru cikin jininsa, aikinsu yaƙi da ƙwayoyin cuta. To, dakarun waɗansu mutane saurin fushi gare su. Su kan ga abin da ba shi da laifi, kamar gyaɗa, ko ƙwai, ko kifi, ko ƙurar hunturu, ko gashin kyanwa, sai su far masa kamar abokin gaba. Nan da nan jiki ya yi ruɗu-ruɗu da ƙaiƙayi, ko mutum ya yi ta atishawa, idanu na ruwa. Wani kuma ƙirji ke toshe masa, numfashi ya yi wuya. Sau da yawa haka fuka ke tashi.

Ta ina wannan hali ke bin zuriya? An gina jiki da ƙananan ƙwayoyi waɗanda ba su ganuwa sai da madubin likita. Cikin ƙwayar akwai zare 46, uba ya ba da 23, uwa ta ba da 23, su ne ke ɗauke da kamannin iyaye. A shekarar 1916 waɗansu likitoci biyu a Amurka suka bi asalin masu borin jini, suka tarar da yawansu suna da dangi masu irinsa. In ɗaya daga cikin iyaye na da shi, yana yiwuwa ɗa ya gada. In dukansu biyu ne, abin ya fi kusa. Duk da haka ba dole ba ne, gama wani lokaci albasa ba ta yin halin ruwa.

Abin lura shi ne, saurin fushin jinin a ke gada, ba ƙin abinci guda ba. Uwa ta kan kasa cin kifi, ɗanta ya ci lafiya, amma ƙura ta hana shi barci.

Borin jini ba ya yaɗuwa kamar ƙyanda ko mura. Saboda haka bai kamata yara su guji mai shi, ko su yi masa dariya ba. Shi kuma ya san abin da ke ta da masa ciwon, ya nisance shi, ya gaya wa malaminsa. In leɓe ko harshe ya kumbura, ko numfashi ya sarƙe, sai a garzaya da shi asibiti, ba a jira gobe.

Tambayoyi
1. Mene ne gadon jiki?
2. Faɗi abu uku da ke ta da borin jini.
3. Don me ba a gudun mai borin jini?