Littafin Kinsey da Masu Sukarsa

A shekarar 1948 wani malamin ilmin dabbobi a Jami'ar Indiyana ta Amurka, Alfred Kinsey, ya fitar da littafi a kan al'amuran jima'i na maza, bayan shi da abokan aikinsa sun gana da mutum wajen 5,300. Littafin cike yake da alƙaluma, amma ya yi kasuwa tamkar littafin hira.

Suka ta ɓullo ta fuska biyu. Marubuci Lionel Trilling da Margaret Mead, masaniyar al'adu, sun ce Kinsey ya ƙidaya aikin jiki, ya manta da ƙauna. Su kuwa masana ƙididdiga, Cochran da Mosteller da Tukey, a rahotonsu na 1954 sun yaba ƙwazonsa, amma suka nuna ba ta hanyar ƙuri'a aka zaɓo mutanen ba. Akasarinsu 'yan sa kai ne, har da fursunoni da dama. Saboda haka amsarsu ba ta dukan Amurkawa ba ce.

To, ɗalibi ko ma'aikaci, kafin ka dogara da kowane adadi, fara binciken su wa aka tambaya, kuma yaya aka zaɓo su.