Dokin Ƙofa da Sunan da Muke Kiran Mutum

A Malbaza, garin da kamfanin siminti ya yi wa suna, magini kan ɗaga dokin ƙofa don kada ruwan damina ya kwararo cikin zaure. Niyyarsa alheri ce. Amma mai keken guragu idan ya iso, nan tayarsa ke tsayawa. Sai ya yi sallama daga waje, a miƙo masa abin da ya samu, ya juya. Babu wanda ya kore shi, amma bai shiga ba.

Haka kalmomin bakinmu suke. Mai cewa "gurgun nan na bakin tasha" ko "makauniyar gidan liman" sau da yawa ba zagi yake nufi ba, gado ya yi. Sai dai lalurar ta tare ƙofa, sunan yanka ya tsaya a waje. Wanda aka saba kira musaki, kunne na jin haka sai hannu ya tafi aljihu neman sadaka. Ba ya zuwa a ran kowa a tambaye shi ko ya iya ɗinki, ko gyaran waya, ko lissafin buhunan albasa a kasuwar Galmi.

Shi ya sa yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya ta 2006 kan haƙƙin masu nakasa, wadda Nijar ta amince da ita a 2008, ta sa mutum gaba, lalura baya. Ta kuma nuna cewa nakasa tana tsananta ne inda jiki ya ci karo da shingen da jama'a suka gina. Dokar ƙasarmu ma ta ware wa masu nakasa kashi 5 cikin 100 na guraben aiki. To, wa zai ɗauki mutumin da bai taɓa tambayar sunansa ba?

Yau rediyo kan ce "masu buƙata ta musamman", wasu su ce "masu lalura". Da kyau, amma lafazi mai daɗi kaɗai ba ya buɗe aji ko ofis. Masu nakasar su kansu ba bakinsu ɗaya ba: akwai makafin da ba sa jin haushin a ce musu makafi, har sarkinsu gare su. Don haka a tambayi mai abin yadda yake so a kira shi.

Daga Ƙonni har Illela, mu fara da abin da ba ya cin ko dala: mu kira mutum da sunan da aka raɗa masa, mu haɗa da sana'arsa. Yaranmu suna saurare, kuma abin da suka ji a bakinmu shi za su kai makaranta.